Bayan an naɗe tabarmi

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, cikin garin Kaduna. A can aka haife ni, a wani gidan haya da muke zaune tare da mutanen Kudancin Kaduna da wasu Yarabawa. Ina aji shida na firamare rikicin Shari'a ya ɓarke, ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000. Da safiyar ranar Baba ya ɗauki kekensa ya ce zai shiga gari ya dubo wani ɗan'uwansa da ke kwance ba lafiya. Har yau bai dawo ba.

Da abin ya ƙazanta, wani maƙwabcinmu Kirista ne ya tura mu ɗakinsa ya rufe, da dare ya raka mu inda sojoji ke kwasar mutane zuwa bariki. Muna can a ƙarƙashin bishiya kawuna yake zagaya asibitoci da ɗakunan ajiye gawa, yana ɗaga zannuwa yana duba fuskoki, bai gan shi ba. Mutanen da suka mutu a rikicin nan sun haura 1,000, da yawa a rami ɗaya aka rufe su ba a san ko su wane ne ba. Muna kyautata zaton Baba yana cikinsu. Ba mu ga an yi masa sallah ba, ba a yi zaman makoki ba, babu kabarin da za a nuna a ce ga shi nan. Muka kwashe abin da ya rage muka koma Rigasa gidan kawu, kamar yadda dubban mutane suka yi a shekarar, Musulmi suka yo arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu, gari ya rabu biyu.

Mu yara cewa aka yi da mu Baba ya yi tafiya. Ni na san ba tafiya ba ce, don ina jin raɗe-raɗen manya. Ƙanena kuwa ya yarda, duk ƙararrawar keken da ya ji sai ya kwasa a guje ya yi ƙofar gida. Inna ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. In na ɗauko zancen Baba sai ta ce, "Ki yi masa addu'a kawai," ta miƙe ta kama wani aiki. Da wannan tarbiyyar na girma: baƙin ciki abu ne da ake haɗiyewa, mai imani ba a ganin hawayensa.

Na yi karatu na samu takardar NCE, na kama koyarwa a wata firamare, aka yi min aure a 2008. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Barci, yakan je Kantin Kwari ya saro kaya. Allah Ya ba mu 'ya'ya uku. Mutum ne mai yawan raha, in ya shigo gida tun daga zaure za ka ji muryarsa yana tsokanar yara.

Da daminar 2017 ya tafi Kano sari. Bayan la'asar ya kira ni ya ce sun taso, na ce masa autanmu zazzaɓi ya rufe shi, don Allah kada ya kwana a hanya. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da ya fi so, na zuba a kula na ɗora a kan teburi. Ruwa ya goce. Na kira, waya a kashe, na sake kira, a kashe. Can tsakar dare aka buga ƙofa. Yayansa ne, limamin unguwa na tsaye a bayansa. Ganin liman kawai ya ishe ni. Tirela ce ta haɗu da motarsu kusa da Zariya.

Abin da na fi tunawa a kwanakin nan shi ne kular nan. Tana kan teburi har aka yi sadakar uku, ba wanda ya taɓa ta. Da ƙanwata ta ɗauka za ta zubar saboda tuwon ya fara tsami, sai na tsinci kaina na riƙe hannun kular gam, muna ja-in-ja, ina cewa ta bar masa abincinsa. Matan da ke ɗakin suka yi ta salati, wata ta ce a yi min tofi.

Ba ni da abin da zan ce da mutanen da suka zo gaisuwa sai godiya. Gida ya cika, wasu daga Zariya, wasu daga Funtuwa, maƙwabta suka bar aikinsu suka zauna da ni. Amma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna. Duk wadda ta shigo, "Ya haƙuri?" na ce "Da godiya," ta yi addu'a, ta koma gefe a ci gaba da hirar duniya. Da hawaye ya zubo min sai wata dattijuwa ta ce, "Haba 'yar nan, ki bari mana, kukan nan wuta kike ɗiga masa." Sai in haɗiye. A tsakar gida kuma tukwane ne a kan wuta, kuɗin gudummawar da aka kawo min suna tafiya a shinkafa da mai don ciyar da baƙi. Alhali lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, umarnin da Manzon Allah (SAW) ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu mun juya abin, mai makoki ne ke ciyar da gari.

Aka yi bakwai, aka yi arba'in, aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. A nan ne mutuwar ta fara shiga ta. Ina cikin takaba, wata 4 da kwana 10, daga ni sai yara sai bango. Barci ya ƙaurace min. Da magariba ta doso, lokacin da yake dawowa, gabana ya dinga faɗuwa ke nan, numfashi na sarƙewa. In ɗora tukunya in manta har ta ƙone. Yara su yi ɗan ƙaramin abu in rufe su da faɗa, daga baya in shiga banɗaki in toshe baki da zani in yi kuka. Akwai kuma abin da ban iya gaya wa kowa ba: ina jin haushinsa da ya tafi ya bar ni, ina kuma jin ni na kashe shi, tunda ni na ce kada ya kwana. In wannan tunanin ya zo sai tsoro ya kama ni, in ce shi ke nan imanina ya tafi, na kasa karɓar ƙaddara.

Dangi suka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka kawo rubutu da hayaƙi. Karatun Alƙur'ani yana sanyaya min zuciya, har gobe ban rabu da shi ba, amma rama ta ci gaba, jinina ya hau. Ina fita takaba kuma aka fara min zancen aure, wai shi ne maganina.

A layinmu akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Wata rana da hantsi ta shigo da tiren wake, ta ce idonta ba ya gani sosai, in taya ta tsincewa. Muka zauna a tabarma muna tsinta, ba ta ce min komai ba, har na fara mamakin abin da ya kawo ta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "'Yar nan, ni fa gaisuwa kawai ke haɗa ni da baban yaran nan. Wane irin mutum ne? Ba ni labarinsa."

Tun da ya rasu ba wanda ya yi min wannan tambayar. Kowa kauce wa sunansa yake yi, kamar ambatonsa zai ƙara min ciwo. Na fara ba ta labarin yadda muka haɗu, da yadda yake ɓoye alewa a aljihun babbar riga yara su yi ta lalube, har na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Mama ba ta ce in yi shiru ba. Ta ture tiren gefe, ta dafa gwiwata, ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa na gaya mata maganar da nake ɓoyewa, cewa ni na sa shi ya taho cikin ruwa. Ta ce, "Da kin san abin da ke hanyar, za ki ce ya taho?" Na ce a'a. Ta ce, "To ɗanki ne ba lafiya, kika kira ubansa. Wace uwa ce ba za ta yi haka ba?" Sannan ta tuna min ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, yadda idanun Annabi suka zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma ban taɓa jin cewa da ni ma ake ba sai ranar. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai kira shi marar haƙuri ba.

Mama ta ci gaba da zuwa. Da ta ga har yanzu ba na barci, ba na cin abinci, ta ce za ta raka ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Duk ɗan Kaduna ya san in aka ce an kai wane Barnawa, an gama da shi a bakin mutane. Ta ce, "Hawan jininki da kike shan magani, kunya kike ji?" Muka je, ina jan hijabi ina rufe fuska. A layin jira na ga malaman makaranta, 'yan kasuwa, ɗalibai, mutane irina. Likita ya saurare ni, ya ce rashin da na yi ya jawo min ciwon damuwa, kuma yana da magani. Na sha magani na wasu watanni, ina zuwa ana zama da ni ana tattaunawa, daga baya shi da kansa ya rage maganin a hankali har na daina. Kewar mijina ba ta tafi ba, amma na koma makaranta, na iya kallon 'ya'yana in yi musu murmushi.

A 2019 wata ƙungiya mai zaman kanta ta shirya horo ga matan unguwanni kan yadda ake tallafa wa wanda aka yi wa rashi. Mama ce ta ba da sunana. Na yi ta jan ƙafa, ina ganin ni da ban gama warkewa ba me zan tsinana wa wata. Na yi istihara, na je.

An gayyato mata daga ɓangarorin gari biyu. A rana ta farko aka ce kowa ta kama wadda ba ta sani ba, ɗaya ta yi magana ɗaya ta saurara, ba katsewa, ba nasiha, ba "ni ma haka ya faru da ni". Aka haɗa ni da wata mata daga Sabon Tasha, ta girme ni sosai, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta ce, "Ƙanwata, ni zan fara." Ta ba ni labarin mijinta, makanike ne, an kashe shi a garejinsa a arewacin gari. Da ta faɗi watan da shekarar, jikina ya ɗauki rawa. Makon da Baba ya fita ne. Bakina ya cika da magana, amma an ce kada a katse, sai na riƙe hannunta kawai. Ta ce shekara da shekaru in ta ji kiran sallah gabanta faɗuwa yake yi. Da layi ya zo kaina na ba ta labarin keken Baba, da maƙwabcin da ya ɓoye mu. Muka rungume juna muna kuka a tsakiyar ɗakin taro. Kowa a garin nan ya san labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa na dama, suka dawo suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a 1995. Ina jin labarinsu a rediyo ina ganin abu ne na manyan mutane. Ranar na san yadda yake a jiki. Har yau tare muke aiki da matar nan, in ta samu Musulma a ɓangarensu ta kira ni, in na samu Kirista a namu in kira ta.

Abin da aka koya mana ba shi da wuyar faɗa, yin sa ne aiki. Ki duba halin da mutum yake ciki, ki saurare shi, ki haɗa shi da abin da yake bukata. Sau da yawa bukatar ba ta wuce kuɗin haya, ko kuɗin makarantar yara, ko wanda zai tsaya mata a rabon gado ba, don macen da ake shirin fitarwa daga gida ba ta da sararin jin wata magana mai daɗi. An gaya mana baƙin ciki ba shi da jadawali. Yau mutum ya tashi garau har ya yi dariya, gobe ƙamshin wani turare ya mayar da shi ranar farko, kuma duk lafiya ce. Yawancin mutane ba sa bukatar likita, suna bukatar wanda zai ci gaba da leƙo su bayan arba'in. Amma akwai waɗanda abin ke riƙe su ya hana su rayuwa wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan dogon baƙin ciki a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, in ya wuce aƙalla wata 6 yana hana mutum harkokinsa. Irin waɗannan, da wanda ya daina ci da sha, da mai jin muryoyi, da mai cewa gara ya bi mamacin, ba ma riƙe su a hannunmu, asibiti muke raka su. An koya mana mu tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya yake yi don an ba shi ƙofar faɗa. Na ji daɗi da aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ko da yake a unguwa har yanzu bakin mutane ya fi doka ƙarfi.

Darasin yara ne ya fi taɓa ni. Kada a ce wa yaro mamaci ya yi tafiya ko yana barci, don zai yi ta jira, ko ya tsorata da barcin. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a bar shi ya yi tambaya ko sau nawa ne. Na zaunar da nawa na ce su tambaye ni duk abin da suke so game da babansu. Babbar ta ce, "Umma, ya ji zafi?" Ashe shekara biyu tana ɗauke da tambayar nan. Daga nan na samu ƙarfin zuwa wajen Inna. Na ce, "Inna, yau labarin Baba na zo ji." Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko katin shaidarsa na masaƙa, naɗe a cikin ɗankwali. Ta ce ta yi shekaru ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba, sai da kawu ya kai maganar gaban alƙali. Muka kai dare muna hira.

Irin halin da Inna ta shiga ya dawo mana sabo a 'yan shekarun nan. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022, akwai iyalan da suka yi wata shida suna jira, don sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshe. Ga matan da aka ɗauke mazajensu a hanyar Birnin Gwari ko a gona, waya ta katse, shiru har yau. Ba a yi musu gaisuwa, tunda ba a ce ya mutu ba. Hukuncin da aka fi sani a Malikiyya shi ne matar wanda ya ɓata ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba. Da irin waɗannan matan ba na cewa ki sa rai, ba na cewa ki cire rai. Ina tambayarta yau me zuciyarta ke gaya mata, mu tsaya a nan.

Akwai kuma rashin da ba ma ɗauka rashi. An kira ni wajen wata yarinya a Tudun Wada, haihuwar fari, ɗan ya zo ba rai. Kafin ta farfaɗo an kai shi, ba ta ga fuskarsa ba. Na same ta ana yi mata wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, ruwan nono ya kawo har rigarta na jiƙewa, ga ɗaki babu jariri. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Ke da kike yarinya, Allah Zai ba ki wani." Na zauna kusa da ita na ce, "Ƙanwata, kin riga kin zaɓa masa suna?" Ta ɗago da sauri ta kalle ni, ta faɗi sunan a hankali. Wata tara tana kiransa da shi a zuciyarta. Na roƙi mijin ya gaya mata kamannin yaron da inda aka binne shi. Ya yi shiru, sannan ya ce yana da gashi sosai, ya juya mana baya kafaɗunsa na rawa. Na kuma sa aka kai ta wajen ungozomar asibiti saboda kumburin ƙirjin.

Aikin yana da nauyi. Wata rana in dawo gida in kasa cin abinci. Shi ya sa muke haɗuwa duk wata, mu masu wannan aiki, tare da wata jami'ar walwala, kowa ta sauke abin da ta ɗauko ba tare da ambaton sunan kowa ba, don sirrin mutane amana ne. Ba a biyan mu ko sisi, kuɗin Keke Napep ma daga aljihunmu ne. Ranar Asabar muna da zama da zawarawan da suka fita takaba a wani ajin Islamiyya, a sha shayi, mai son magana ta yi, marar so ta zauna.

Maza ne har yanzu ba mu samu hanyarsu ba. Namiji zai binne matarsa da safe, da yamma yana zaune a tabarma yana amsa gaisuwa da murya a dake, bayan kwana uku ya buɗe shago, abokai na tsokanarsa da zancen amarya. Daga baya a ji hawan jini ya kayar da shi, ko ya fara shan abin da bai taɓa sha ba. Ba zai zauna gaban mace ya faɗi damuwarsa ba, mu ma ba hurumin mu ba ne. Mun kai wa limamin unguwarmu maganar, ya karɓa hannu bibbiyu, ya ce shi kansa tun rasuwar uwargidansa bai samu wanda ya tambaye shi yadda yake kwana ba. Ya samo mutum biyu da za su je horo, wani tela da wani malamin sakandare, in Allah Ya yarda bayan Sallah za su fara zama da maza a harabar masallaci bayan isha'i.